Faifan ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali yana gargara

Alamar farko ba ƙara ba ce. Foldar hotuna ce, wadda a da take buɗewa nan take, ta koma sai an jira kusan rabin minti, wani lokacin ma kwamfutar da ke neman ta sai ta ce ba ta ga uwar garken ba, wato kwamfutar da ke ajiye foldar. Can kuma komai ya dawo daidai kamar ba a yi ba. Zan faɗi abin da na gani da abin da na yi bi da bi, domin a wannan aiki abin da ka fara taɓawa shi ke yanke ko kayanka za su tsira.

Na'urar tsohuwar kwamfutar ofis ce ta hannu, a kusurwar ɗaki a Kano. Debian 12 ke kanta a ƙaramin SSD, sai faifan ajiya biyu masu juyawa, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa had-dis, kowanne terabait 4. Na haɗa su da manhajar mdadm a tsarin RAID1, wato tagwaye: duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗan'uwansa. A ciki akwai kimanin terabait 2.6 na hotuna, bidiyon bukukuwa, karatuttukan tafsiri da lissafin shago.

Wurin da na fara dubawa shi ne rahoton da Linux ke rubutawa da kansa, da umarnin dmesg -T. Layuka ne cunkus, amma kalmomi biyu kawai ake nema. Idan ka ga UNC, faifan ne ke cewa ya je karanta wani gurbi a kan farantinsa ya kasa. Idan kuma ICRC ka gani, ko ka ga ana ta sake ƙulla layin SATA, wato wayar bayanai da ke haɗa faifan da kwamfuta, ana rage masa gudu daga 6 zuwa 3 Gbps, to karatun ya yiwu, a hanya ne bayanin ya lalace, kuma mai laifin yawanci waya ce ko wuta. Faifai da yawa masu lafiya sun tafi bola saboda wayar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba. Ni na ga duka biyun: UNC birjik a kan sdb, ICRC jefi-jefi a kan sdc, sunayen da Linux ya ba tagwayen faifan kenan.

Abin mamakin shi ne cat /proc/mdstat yana nuna UU, wato tagwayen duka suna aiki. Dalili kuwa, idan md, wato sashen Linux mai kula da tagwayen, ya kasa karanta gurbi a faifai ɗaya, sai ya ɗauko daga ɗayan ya sake rubutawa a wanda ya gaza, shiru ba sanarwa. Jinkirin nan na rabin minti lokacin wannan ɗinkin ɓarakar ne.

Kafin komai na haɗa kowane suna da lambar siriyal ɗinsa ta hanyar lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL, na rubuta lambobin a takarda, daga baya na manna a jikin faifan. Sunayen sdb da sdc ba na dindindin ba ne. Ka kashe na'ura, ka canza waya, ka kunna, sai sdb na jiya ya zama sdc na yau. Wanda ya cire faifai mai lafiya ya bar mara lafiya, galibi a nan ya zame. Sunayen da ke cikin /dev/disk/by-id su ne ba sa canzawa.

Sai SMART, wato kundin lafiyar da kowane faifai ke riƙe wa kansa. Ana karanta shi da smartctl -a /dev/sdb daga kunshin smartmontools. A sama an rubuta PASSED. Kada wannan kalma ta ruɗe ka. Tana nufin kawai makin da kamfani ya ƙirƙira bai faɗo ƙasa da iyakar da kamfanin ya sa ba, kuma faifai na iya cika da matattun gurabe yana nan yana cewa PASSED. Abin dubawa shi ne layin tsaye na ƙarshe a gefen dama na jadawalin, RAW_VALUE, a kan 'yan lambobi kaɗan.

Lamba 5 ita ce adadin guraben da suka mutu har faifan ya maye su da na ajiyarsa. Lamba 197 ta fi ta muhimmanci a ranar tashin hankali: guraben da aka kasa karantawa ne, suna jiran hukunci, kuma bayanin da ke cikinsu a yanzu ba ya samuwa. Lamba 198 guraben da faifan ya gano da kansa ba su gyaruwa, 187 kuma kurakuran da ya kai ƙara ga kwamfuta. Kamfanin Backblaze, mai ajiye dubban ɗaruruwan faifai, waɗannan huɗu da lamba 188, mai ƙirga umarnin da faifan bai amsa a kan lokaci ba, yake sa wa ido. Lamba 199 ta waya ce zalla, kuma ba ta komawa sifili ko ka canza wayar, don haka ba girmanta ake kallo ba, ana kallon ko tana ƙaruwa. Wanda ke da Seagate kada ya firgita da lambobi 1 da 7, haka suke nuna miliyoyi ko a sabon faifai.

A kan sdb lamba 5 ta nuna 312 da safe, da yamma ta zama 344. Lamba 197 tana 24, 199 kuwa 0. Wannan ba waya ba ce, farantin ne ke lalacewa, kuma hauhawar ta fi adadin kansa tayar da hankali. Binciken da Google ya fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa wanda aka samu da kuskuren duba na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alamar SMART ba ko ɗaya. Kenan in SMART ya yi magana ka yarda, in ya yi shiru kada ka sakankance.

Da na juya kan sdc, wanda nake kallo a matsayin mai lafiya, sai ga 197 tana 8, 199 tana sama da 1,100, 5 kuma 0. Takwas ɗin nan gurbi ɗaya ne na zahiri: faifan zamani yana rubutu a gurabe masu bait 4096 amma yana nuna wa kwamfuta masu bait 512, shi ya sa lambar kan zo takwas-takwas. Lamba 9 ta nuna duka biyun sun yi awa kusan 38,000 suna juyawa, shekara 4 da wata 4 kenan. Rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, ɗaukewar wuta ɗaya suka gani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Wannan gurbi ɗaya shi ya canza dukan tsarin aikin. Hanyar da aka saba koyarwa ita ce ka ayyana faifan da ya lalace a matsayin matacce, ka cire shi, ka sa sabo, md ya kwafe daga wanda ya rage. Amma md ba ya kwafar fayiloli, faifan gaba ɗaya yake kwafa daga gurbin farko zuwa na ƙarshe, har wuraren da babu komai. Da na cire sdb, da an zo kan mataccen gurbin sdc babu wurin ɗauko shi. Ko dai aikin ya tsaya a tsakiya, ko md ya sa gurbin a jerin matattu a sabon faifan ma, bayanin ya tafi kenan. Mara lafiyar da nake ɗokin cirewa shi kaɗai ke riƙe da kwafin wannan gurbi.

Saboda haka ban cire komai ba. Na tsayar da Samba, manhajar da ke raba fayiloli ga sauran kwamfutoci, da duk abin da ke rubutu a kai. Ban yi fsck ba, wato umarnin duba tsarin fayiloli da gyara shi, ban kuma sa dogon gwajin SMART a kan sdb ba. Fsck yana rubutu a kan faifan da bai iya riƙe rubutu, garin gyaran gira a rasa ido. Dogon gwaji kuma awa 8 ne na karatu a faifai mai terabait 4, kuma wataƙila awa 8 ɗin nan su ne suka rage masa. Me za ka gwada bayan ka riga ka san amsar? Duk wani karatu da za a tilasta masa, gara ya zama na kwashe kaya.

Na jona faifan waje ta USB na kwashe abin da ba shi da madadi da rsync -a: hotuna da lissafin shago, gigabait 300 da 'yan kai. Karatuttukan da za a iya sake saukewa daga intanet na bar su. Jerin muhimmanci ake bi, ba jerin haruffa ba.

Akwai wani saiti da mutane kan manta. Faifan kwamfutar tebur na gama-gari idan ya gamu da gurbi mai taurin kai yana iya shafe fiye da minti yana sake gwadawa, Linux kuwa daƙiƙa 30 kawai yake jira kafin ya ɗauka faifan ya mutu ya sake ƙulla layi, daga nan md na iya korar faifan gaba ɗaya saboda gurbi guda. Maganin shi ne smartctl -l scterc,70,70 /dev/sdc, wanda ke gaya wa faifan ya haƙura bayan daƙiƙa 7. In faifan bai san wannan umarni ba, sai a tsawaita haƙurin Linux da echo 180 > /sys/block/sdc/device/timeout. Nawa ba su sani ba, na bi hanya ta biyu a kan duka biyun. Saitin yana gogewa in an kashe na'ura, sai an maimaita.

Bayan kwafin gaggawa ya kammala na kashe na'urar na buɗe ta. Ƙurar hunturu ta toshe gaban akwatin kamar auduga, fankar gaba ta daina juyawa, ga shi lamba 194, mai auna zafin faifai, ta riga ta nuna digiri 52. A binciken Google ɗin nan zafi bai yi tasirin da ake zato ba a kan sababbin faifai, amma a kan masu shekara 3 da 4 ya yi, kuma a watan Afrilu a Kano ɗakin kansa ya kusa digiri 40. Na bushe ƙurar da bulowa a tsakar gida, ina riƙe fankoki da yatsa don kada iska ta juya su fiye da ƙima. Na sa sabuwar fanka mai milimita 120 tana hura kan faifan kai tsaye. Wayar SATA ta sdc ba ta da maƙalli, an kuma lanƙwasa ta dab da bakinta, na canza ta da mai ƙarfen maƙalli. Na cire wayar raba wuta mai baki biyu da ke ciyar da su, na ba kowanne bakinsa daga akwatin wuta. Da mita na auna: wayar rawaya da baƙa ya kamata su ba da bolt 12, tsakanin 11.4 da 12.6, ja da baƙa kuma bolt 5. Sun ba da daidai. Akwatin wuta mai rauni kan sa faifai ya riƙa ƙwas-ƙwas yana tsayawa yana tashi, a yi zaton mutuwa ce, domin faifai mai inci 3.5 na jan kusan amfiya 2 a kan bolt 12 lokacin tashi.

Wajen sayen sabo abu biyu na kiyaye. Na farko ya zama CMR, mai jera layukan rubutu gefe da gefe, ba SMR ba. SMR yana jera layukan rubutu wani kan wani kamar kwanon rufi, don haka in aka matsa masa da dogon rubutu ba hutawa sai gudunsa ya faɗi warwas, a tsakiyar sake gina RAID kuwa hakan na iya sa a kore shi. A 2020 aka gano wasu WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an rubuta a kwali ba, irin WD40EFAX, yayin da WD40EFRX CMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan Red Plus. Lambar samfuri ake dubawa, ba launin takarda ba. Na biyu, a karanta lamba 9 tun a shago, a gwada da ranar ƙira da ke jikin faifan. Ana iya goge wannan lamba a sayar da tsoho a matsayin sabo. A wasu faifan Seagate akwai kundi na biyu da ake kira FARM, wanda smartctl daga sigar 7.4 ke karantawa da -l farm, kuma da shi aka tona irin wannan algus a Turai a 2025.

Sabon faifai ma ba a yarda da shi sai an gwada. Cikakken badblocks -wsv -b 4096 yana rubuta zane huɗu yana karanta kowanne, kusan kwana 3 a terabait 4, kuma yana shafe duk abin da ke kai, don haka a duba sunan faifan sau biyu. Ba ni da kwana 3, sai na ƙara -t 0xaa ya yi zane ɗaya, kimanin awa 16, a wata kwamfutar da ke kan inbata, uwar garken kuma tana kashe. Lambobi 5 da 197 suka tsaya a 0.

Na ɗaura shi a matsayin na uku, ya fito da sunan sdd. Na kwafi tsarin rabonsa da sgdisk -R /dev/sdd /dev/sdc. A kula sosai, wanda za a rubuta wa shi ke zuwa farko, wanda ake kwafowa daga gare shi na ƙarshe. In ka juya su ka shafe rabon faifanka mai kaya. Sai sgdisk -G /dev/sdd don ya samu lambar shaida tasa. Daga nan na gaya wa md ya rage karatu daga mara lafiyar, ya taɓa shi kawai in ɗayan ya gaza: echo writemostly > /sys/block/md0/md/dev-sdb1/state. Sai umarni biyu na ƙarshe, mdadm /dev/md0 --add /dev/sdd1, sannan mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdb1 --with /dev/sdd1. Amfanin --replace shi ne tsohon yana nan cikin tagwayen har sai sabon ya cika.

Aikin ya ɗauki awa 9 da 'yan mintuna. Ya fara da gudun megabait kusan 170 a daƙiƙa ya ƙare ƙasa da 90, kuma wannan ba matsala ba ce: farkon faifai a gefen faranti yake inda da'ira ta fi faɗi, ƙarshensa a ciki. A wajen kashi 61 cikin 100 UNC ya bayyana a kan sdc, ma'aunin ya tsaya cik na kusan minti ɗaya, sannan ya ci gaba. An ɗauko gurbin daga sdb. Da aka gama md ya ayyana sdb matacce da kansa, na fitar da shi da --remove, na sa echo check > /sys/block/md0/md/sync_action ya karanta tagwayen duka, sannan na yi fsck.

Lamba 197 ta sdc ta koma 0, lamba 5 kuma ba ta motsa ba. Ma'anar wannan ita ce farantin bai ji rauni ba, rubutu ne aka katse a tsakiya, irin abin da ɗaukewar wuta ke haifarwa, da aka sake rubutawa ya zauna. Da a ce 5 ta hau zuwa 8, to gurbin ya mutu da gaske. Lamba 192, mai ƙirga sau nawa allura ta koma makwancinta a guje saboda yankewar wuta, ta haura 900. Tun da aka canza waya 199 ba ta ƙara ko ɗaya ba.

Wanda faifansa ɗaya ne tilo, hanyarsa daban ce, kuma kayan aikinsa GNU ddrescue ne, a Debian sunan kunshin gddrescue. Kada a yi amfani da dd ko kwafi na yau da kullum, suna kafewa a kan gurbin farko da ya ƙi. A sauke faifan daga aiki, a samo wani wanda bai gaza shi girma ba ko da bait ɗaya, faifai mai terabait 4 yawanci bait 4,000,787,030,016 ne. Zagaye na farko ddrescue -f -n tsoho sabo taswira, yana kwashe mai sauƙi yana tsallake mai wuya. Na biyu ddrescue -f -d -r3 da sunaye ukun nan dai, yana komawa wuraren da aka tsallake har sau uku. Fayil ɗin taswira a ajiye shi a wuri na uku, shi ke sa in wuta ta ɗauke a ci gaba daga inda aka tsaya. Duk wani gyara a kan kwafin ake yi.

In kuwa faifan yana ƙwas-ƙwas ba ya bayyana ko da an canza masa wuta da waya, ko yana ƙarar gurza, a kashe shi nan take. Allurar tana shawagi ne a tazarar 'yan nanomita daga faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, in ta taɓa shi kankare bayanin take yi. Kada a buɗe murfin a ɗaki, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi wannan tazara girma nesa ba kusa ba. Kada a sa shi a firiji, raɓa ce za ta kwanta a ciki. Canza allon lantarkin bayansa da na wani iri ɗaya ma ba ya aiki haka kawai a faifan zamani, sai an ɗauke ƙaramin guntun ROM na tsohon an dasa a sabon. Wannan aikin masu ɗaki marar ƙura ne, kuma da tsada.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Debian tana da duba na wata-wata da ke karanta tagwayen duka a daren Lahadin farko wajen ƙarfe 1, wanda da ya gyara gurbin sdc tun da wuri. A wannan lokaci na'urar yawanci a kashe take saboda batir ya ƙare. Na mayar da shi safiyar Asabar lokacin da sola ke da ƙarfi. Na kunna smartd, mai sa ido kan SMART, ya yi gajeren gwaji kullum, dogo kuma sau ɗaya a wata, ya turo saƙo in 5 ko 197 ta motsa ko zafi ya haura 45. Na sa ƙaramar UPS mai wayar USB da manhajar NUT, don in batir ya yi ƙasa na'urar ta kashe kanta cikin tsari. Faifan wajen nan ya zama kwafin ajiya na mako-mako, kuma ba a gidan yake kwana ba, tunda tagwaye ba sa kare ka daga fayil ɗin da ka goge da hannunka: gogewar ma sau biyu ake rubuta ta.

Zafin faifan yanzu yana tsakanin digiri 39 da 41. Sdc zan sauya shi kafin zafin baɗi, da samfurin da ya bambanta da na sdd. Tsohon sdb kuwa na yi masa mdadm --zero-superblock, na fara cika shi da sifili don a shafe hotunan mutane kafin ya bar gida. Bai kai rabi ba lamba 5 ta haura 2,000, ya ɓace daga lsblk bai sake dawowa ba. Na huda shi da dirila wuri uku kafin na ba mai jari-bola.